Ƙurar kwanon asbestos da ruwan ƙirjin da muke kira tarin fuka (ZARE)

1/ Zaren yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe. Makon jiya na je gida, can wajen Dambatta, na tarar ana sauya rufin wata tsohuwar firamare. Samari biyu a sama suna farfasa tsohon kwanon asbestos da guduma suna jefowa ƙasa. Ƙura na tashi fari fat, 'yan makaranta kuma na guje-guje a gindin wurin.

2/ Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin irin wannan ƙurar ce ta yi sanadin kawuna, Allah Ya jiƙansa. Cutar da ta kama shi sunanta mesoteliyoma. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunan ba. Ni ma ban taɓa ji ba sai ranar da likita ya rubuta mini shi a bayan katin asibiti.

3/ Abin da nake son in ce a taƙaice: wannan cutar tana cikinmu, sai dai da sunan tarin fuka muke jinyarta, da sunan tarin fuka kuma muke binne masu ita. Kuma akwai tambaya guda ɗaya, ba ta cin ko sisi, da za ta iya sa a gano ta da wuri. Zan zo kanta. Bari in fara da Kawu.

4/ Kawu kafinta ne a ƙuruciyarsa. Ya shiga birni koyon aiki daidai lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ana ta gina ajujuwa ko'ina. Ya yi rufin makarantu, ɗakunan shan magani, gidajen ma'aikata. Kwanon asbestos a sama, silin na asbestos a ciki. Da zarto suke yankawa, su huda da ƙusa, su share garin da tsintsiya.

5/ Yakan ba mu labari yana dariya, wai in sun tashi aiki kamar waɗanda suka faɗa buhun fulawa. Ya yi wajen shekara goma sha biyu a haka, sannan ya dawo ƙauye ya kama noma. Gero, dawa, gyaɗa, wake, ɗan kiwon awaki. Har mutane suka manta ya taɓa riƙe zarto.

6/ Bayan shekara talatin da wani abu, wata damina, sai ya fara haki a gona. Kunya biyu zai yi ya tsaya ya dafa fartanya. Muka ce tsufa ne. Sai ciwo a gefen ƙirji na dama, irin mai nauyi da ba ya tafiya. Sai rama. Sai gumin dare. Kemis ya ba da na tari da na zazzaɓi, shiru.

7/ Aka yi hoton ƙirji a wani asibiti, aka ce ruwa ya taru a gefe ɗaya. Aka gwada kakinsa, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Duk da haka aka ce a fara maganin tarin fuka na wata shida, tunda alamun sun yi kama. Aka zuƙe ruwan da sirinji, ya samu sauƙi. Sati uku ruwan ya dawo. Aka sake zuƙewa, ya sake dawowa.

8/ Wata huɗu muna haka. Awaki suka ƙare. Aka jinginar da gona ɗaya. A gida kuma an ware masa kwano da kofi, an hana jikoki shiga ɗakinsa don gudun ɗauka. Wannan ya fi ciwon ƙona masa rai. Wasu suka fara raɗe-raɗin sammu, aka kawo rubutu da turare da saiwoyi kala-kala.

9/ Sai muka kai shi wani babban asibiti a birni. Wani matashin likita ya duba hotunan, ya dube shi ya ce, "Baba, wace sana'a kake yi?" Kawu ya ce, "Manomi ne ni, likita." Ya ce, "Kafin noman fa, Baba? Tun kana saurayi?" Kawu ya ɗan yi shiru ya ce, "Af, ai na yi kafinta. Rufi nake yi." Likitan ya ajiye biro ya ce, "Da wane irin kwano?"

10/ Wannan ita ce tambayar. Wata huɗu ba wanda ya yi ta, har da mu 'yan gida. Daga nan aka tura shi hoton siti sikan, aka tsakuro ɗan nama daga cikin ƙirjinsa aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito: kansa ce ta tantanin huhu. Ya ƙara wata bakwai a duniya. To yanzu bari in yi muku bayanin ita kanta cutar.

11/ Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe huhu, ya kuma shafe cikin haƙarƙari. Akwai irinsa da ya naɗe hanji da bangon ciki, akwai wanda ya kewaye zuciya. Mu ma muna da shi. Aikinsa ya sa kayan ciki su riƙa zamewa ba tare da gogayya ba.

12/ Mesoteliyoma kansa ce ta wannan tantanin. Mafi yawa a na huhu take fitowa, sai na ciki, na zuciya kuwa da na maraina da ƙyar ake gani. Ba ta fara da ƙullutu guda kamar yadda muka saba jin kansa. Shimfiɗuwa take yi, tantanin ya yi kauri ya ɗaure huhu kamar ɓawo, ruwa ya riƙa taruwa a tsakani. Shi ne hakin nan.

13/ Shi kuma asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, yana warwarewa zare-zare. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga araha. Shi ya sa aka riƙa cakuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi, silin da bututun ruwa, ana sa shi a birki da kulocin mota. A kwanon rufi yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

14/ A Najeriya an daɗe ana yin irin wannan kwano: Nigerite a Legas, Emenite a Enugu, Giwarite a nan Kano, da masana'antar asbestos ta Bauchi. A lokacin abin alfahari ne, ya fi kwanon ƙarfe sanyi, ba ya tsatsa, ba ya ƙara in ana ruwa. Yau akwai sabon samfuri marar asbestos a kasuwa, amma tsohon yana nan bisa kanmu.

15/ In aka fasa shi ko aka yanka, zaren na tashi cikin iska. Ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari. In ka shaƙa, ba za ka ji komai ba. Ya wuce can ƙasan huhu ya maƙale, jiki ya kasa narkar da shi, ya yi ta sukar tantanin shekara da shekaru har wurin ya rikiɗe.

16/ Abin da ya sa cutar ke yaudara shi ne jinkiri. Tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar ciwon yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50. Ku yi lissafi da kanku: wanda ya yi aikin rufi tsakanin 1975 da 1995, yanzu ne lokacinsa. Su ne dattawanmu na Bichi, Kunchi, Makoda, Minjibir, Tsanyawa da suka je birni cin rani suka dawo gona.

17/ Za ku yi mamaki in na ce yadda duniya ta gano alaƙar cutar da asbestos ma, ta hanyar wannan ruɗanin ne da tarin fuka. A Afirka ta Kudu, a wani asibitin masu tarin fuka da ke Kimberley, likita Sleggs ya lura wasu majinyata masu ruwan ƙirji ba sa jin magani kamar sauran, mutuwa kawai suke yi.

18/ Ya haɗa kai da wani likitan gwaje-gwaje, Wagner, da wani mai suna Marchand. A 1960 suka fitar da rahoto kan mutum 33 masu mesoteliyoma. Kusan dukansu sun yi hulɗa da shuɗin asbestos da ake haƙa a yankin. Da yawa ma ba su taɓa aiki a mahaƙar ba. Kusa da ita kawai suka zauna, wasu tun suna yara suke wasa a kan tarin ƙurar.

19/ Ku sake karanta na 18. Wasa a kan tarin ƙura. Shekara sittin da wani abu kenan da aka san wannan, amma makon jiya na ga 'yan aji uku suna tsintar gutsuren silin suna zane da shi a ƙasa kamar alli. Mu ma mun yi. Har cikin wuta muke jefa gutsuren kwanon don mu ji ya fashe, muna ihu.

20/ Ingila ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Har yau Ingila na rasa sama da mutum 2,000 duk shekara ta dalilin mesoteliyoma, daga ƙurar da aka shaƙa tun da daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta asbestos na kashe sama da mutum 200,000 a shekara ta wuraren aiki, kuma ta ce kowane irinsa na jawo kansa.

21/ Wani zai ce, "To mu ai ba ma jin labarinta a nan." Haka ne, ba ma ji. Amma huhun Bature da na Bakano iri ɗaya ne, kwanon ma iri ɗaya. Abin da ya bambanta mu da su shi ne su suna yanka naman su duba, su rubuta. Mu kuwa dattijo ya yi haki ya rame ya rasu, a ce "tari ne ya yi fama da shi", a yi sadakar uku a watse.

22/ Kada a fahimce ni a baibai. Tarin fuka gaskiya ne, kuma Kano na cikin jihohin da ya fi yawa a ƙasar nan. In mutum ya zo da ruwa a ƙirji a yankinmu, likitan da ya fara zargin tarin fuka bai yi laifi ba, galibi shi ɗin ne. Maganinsa kyauta ne, yana warkarwa. Kada kowa ya ajiye maganinsa saboda zaren nan, don Allah.

23/ Inda nake da magana shi ne in an fara maganin, an yi wata biyu babu canji. Gwajin kaki bai nuna komai ba. Ruwan na dawowa bayan an zuƙe, wani lokaci da jini-jini. Ciwon gefe ɗaya na ƙaruwa. Mutumin ya haura hamsin. A nan ya kamata a tsaya a sake lale, maimakon a ce "ku ƙarasa wata shidan tukuna mu gani".

24/ Ga matakan gano ta, don ku san abin da za ku nema. Na farko tarihin aiki: rufi, gini, leburanci, gyaran birki, aikin bututu, masana'anta. Na biyu hoton ƙirji. Na uku siti sikan, shi ke nuna kaurin tantanin. Na huɗu gwada ruwan da aka zuƙo, ana neman ƙwayar tarin fuka da kuma ƙwayoyin kansa.

25/ Amma ku riƙe wannan: sau da yawa ruwan shi kaɗai ba ya nuna ta. Ana iya gwadawa a ce ba a ga kansa ba alhali tana nan. Tabbaci sai an tsakuro nama daga tantanin, ko da allura ko da ƙaramar kyamara da ake zurawa ta tsakanin haƙarƙari, sannan a yi masa rini na musamman da ke raba ta da kansar huhu.

26/ Wannan aikin ba na asibitin ƙauye ba ne. Na manyan asibitoci ne irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Aikin ma'aikacin lafiya na ƙauye shi ne ya yi tambayar, ya lura magani ba ya ci, ya rubuta takardar turawa. Aikin 'yan'uwa kuma su nemi takardar nan cikin ladabi, su dage.

27/ Mutanenmu na tsoron a taɓa naman. Da aka ce za a yi wa Kawu, ƙanwarsa ta ce sam, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya fantsama. Na gane tsoronta. Sai dai ba tare da gwajin ba, da har ya koma ga Allah yana haɗiyar maganin cutar da ba shi da ita, jikokinsa na leƙensa ta taga.

28/ Ta ciki kuma fa? Ciki ya kumbura da ruwa, mutum na ramewa, abinci kaɗan ya ƙoshi. A wajenmu za a ce hanta ce, ko tarin fuka na ciki, ko a ce an ba shi wani abu ya ci. Yawanci hantar ce ko tarin fukan. Amma in gwaje-gwajen ba su nuna ba, tambayar nan ta tsohuwar sana'a tana nan daram.

29/ Yanzu magani. Ba zan yi muku ƙarya ba, a mafi yawan lokuta wannan kansar ba ta warkewa. Galibin masu ita kan yi kusan shekara ɗaya bayan an gano, wasu ƙasa, wasu fiye, gwargwadon irin ƙwayar da kuma inda ta kai. Duk wanda ya ce muku yana da garin magani ko ruwan jarka da ke narkar da ita, kuɗinku yake so.

30/ Akwai kemo, haɗin pemetrexed da cisplatin, wanda aka amince da shi a Amurka tun 2004. A gwajin da aka yi, ya kai matsakaicin rayuwa kusan wata 12, a kan wata 9 na masu shan cisplatin kaɗai. A 2020 aka amince da haɗin nivolumab da ipilimumab masu zaburar da garkuwar jiki: wajen wata 18 a kan 14 na kemo. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin manomi.

31/ Tiyata kuma, a da ana yi wa wasu babban aiki a kankare tantanin huhun. Wani babban bincike a Ingila da aka fitar a 2024 ya nuna wannan aikin bai ƙara wa majinyata kwana ba a kan kemo kaɗai, wahala ma ya ƙara musu. Ga ta ciki ne tiyata haɗe da wanke cikin da kemo mai ɗumi ke taimaka wa wasu zaɓaɓɓun majinyata.

32/ Wani zai tambaya, "In ba ta warkewa, mene ne amfanin a sani?" Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi ta a raina. Ga abin da sanin ya yi wa Kawu. An daina ba shi ƙwayoyin da ke wahalar da hantarsa a banza. An zuba wata hoda a tsakanin tantanin ta manne shi, ruwan ya rage dawowa. An ba shi maganin ciwo mai ƙarfi, ya samu barci.

33/ Jikoki suka dawo ɗakinsa, tunda ba cuta ce da ake ɗauka ba. Maganar sammu ta mutu, da ta kusa raba zumunci tsakanin gida biyu. Muka daina yawon neman magani, gona ta biyu ta tsira. Ya biya bashinsa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda yake son nema. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

34/ Ya kuma sa muka san wa za mu sa wa ido. Inna, matarsa, ita ke kakkaɓe kayan aikinsa ta wanke duk shekarun nan. An sha samun matan ma'aikata da suka kamu ta wankin kaya kawai. Yanzu in ta yi tari na kwana biyu, ba ma wasa. Abokan aikinsa biyu da ke raye mun je mun gaya musu abin da za su faɗa wa likita.

35/ Akwai masu cewa, "Shekara arba'in muna kwana ƙarƙashin asbestos, ba abin da ya same mu." Gaskiyarku. Kwanon da ke zaune lafiya, bai fashe ba, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Yawancin waɗanda suka shaƙi ƙurar ma ba sa kamuwa. Kada wani ya hau rufin gidansu gobe da guduma don ya karanta wannan. Fasawar ita ce matsalar.

36/ Kuma a ƙauyukanmu fasawar ba ta ƙarewa a ranar. Kun san mu ba ma yar da komai. Gutsuren kwano ya zama akurkin kaji, murfin masai, dangar turken awaki, abin tare zaizayar ƙofar gida. Iskar farkon damina ta yaye rufi, a tattara a tara bayan ɗaki, rana da ruwa su yi ta cin sa yana zama gari.

37/ Ga wanda ya fi damuna. A yankinmu gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an noma ta, don haka da taki take rayuwa. Sharar gida da juji duk gona ake kai su da jaki ko amalanke kafin ruwa ya sauka. In garin asbestos ya shiga juji, gona ya tafi. Mai kaftu a busasshiyar ƙasa shi zai tayar da shi, iskar hunturu ta ƙarasa raba wa maƙwabta.

38/ To me za a yi in dole sai an sauke tsohon rufi? A jiƙa shi sharkaf kafin a taɓa. A cire ƙusoshi a sauke kowane falle ɗungurungum da hannu, ban da jifa. Ban da zarto, ban da injin yanka, ban da burushin ƙarfe. A naɗe a leda mai kauri. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share a bushe. A kori yara da dabbobi daga wurin.

39/ Takunkumin yadi ko irin na lokacin korona ba ya tare wannan zaren. Wanda ake buƙata shi ne mai lamba FFP3 ko P100, ya kama fuska sosai. Kayan da aka yi aikin da su kada a kai wa matar gida ta wanke. Kuma ido ba ya iya raba tsohon kwano mai asbestos da sabo marar shi, don haka in tsoho ne, a ɗauka yana da shi.

40/ Samari masu aikin rufi, gini da gyaran mota, da ku nake. In oga ya ce fasa kawai mu gama da wuri, ka tuna shi ba zai kasance tare da kai ba bayan shekara talatin. In kana shan sigari kuma, ka sani sigari ba ta jawo mesoteliyoma, amma in ta haɗu da asbestos tana ninka haɗarin kansar huhu sosai.

41/ Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita, ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Amma wa ya yi wa kafintan ƙauye rajista? Aikin yini yake yi a biya shi da yamma. Ranar da ciwon ya zo, shi da gonarsa ne kawai. Shi ya sa kariyar tun farko ta fi komai a wajenmu.

42/ Ga roƙona ga hukuma, abubuwa uku, babu mai tsada a ciki. Ɗaya: hukumar SUBEB da ƙananan hukumomi su sa sharaɗi a kowace kwangilar gyaran makaranta ko asibiti, kan yadda za a sauke tsohon asbestos da inda za a binne shi, kuma a yi aikin lokacin hutu. Ma'aikatar Muhalli da NESREA su ware wurin zubarwa.

43/ Biyu: a ƙara layi ɗaya a katin masu tarin fuka a kowace cibiya, "wane aiki ka taɓa yi a baya?" Uku: duk mai ruwan ƙirji da gwajinsa bai nuna tarin fuka ba, kuma bai samu sauƙi cikin wata biyu ba, a tura shi gaba. In aka fara ganowa ana rubutawa a rajistar kansa, sannan za mu san girman abin da ke gabanmu.

44/ Na san wani zai rubuto, "Kowa da ajalinsa." Haka ne, na yi imani da wannan, Kawu ma da shi ya cika. Amma ko manomi ya san arziki na Allah ne, bai fasa kai taki gona ba. Jiƙa kwano kafin a sauke shi bokiti biyu ne na ruwa.

45/ Aikin da zan ba ku yau: in kun yi waya da Baba, ko Kawu, ko Baffa, ku tambaye shi ayyukan da ya yi a ƙuruciya. Za ku ji labarai masu daɗi ma. In ya ambaci rufi, silin, bututu ko birki, ku rubuta ku ajiye. Ranar da ya fara haki ba dalili, ku faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

46/ Game da firamaren can, na samu shugaban makarantar da mai unguwa mun yi magana. Sun saurare ni, an tattara gutsattsarin an jiƙa an rufe, an hana yara zuwa wurin. Saura ajujuwa biyu ba a taɓa ba, kuma sun yi alƙawarin sai an yi hutu. Zan koma in gani da idona.

47/ Ku tura wa kafinta, magini, makanike, malamin firamare da ma'aikacin lafiya da kuka sani. Likitocin da ke nan, in akwai gyara ko ƙari ku ajiye a ƙasa, za mu ƙaru. Allah Ya jiƙan Kawu da dukkan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.